Taskar Iyali: Liyarin Gado da Shekarar 1780

 

Tambayar da muka zaɓa a wannan fitowa ta zo ne daga wani gida a Etoudi, kuma mun sha jin irinta a Briqueterie. Tsohuwa ta rasu, Allah Ya jiƙanta, an buɗe adakarta an tarar da ƙullin tsabar farin kuɗi irin na da: waɗansu manya masu hoton wata mace mai lulluɓi da shekarar 1780, waɗansu ƙanana masu rubutun Faransanci ko na Jamusanci. Ɗaya daga cikin magada ya ce kayan tarihi ne da suka haura shekara 240, don haka miliyoyi ne. Wani ya ce tarkace ne, a ba yara su yi wasa. Wani dillali kuma ya riga ya yi tayin kwashe su gaba ɗaya. Suna tambaya: yaya za a san na gaskiya, kuma yaya za a raba?

Tun da fari mu faɗa wa mai zaton miliyoyi abin da ba zai so ji ba. Shekarar 1780 da ke jikin liyari ba ta nuna lokacin da aka buga shi. Mai cewa tarkace ne kuwa ya fi shi kuskure, domin azurfa ce, azurfa kuwa dukiya ce da shari'a ta ɗora mata hukunci.

Wannan babban kuɗi da kakanninmu ke kira liyari, Turawa kuma suke kira thaler, kuɗin ƙasar Ostiriya ne. Matar da ke jikinsa sarauniyarsu ce, Mariya Tereza. An fara buga kuɗi da hotonta a 1741, ta rasu a watan Nuwamba na 1780. Lulluɓin da ake gani a kanta na takaba ne, tun bayan mutuwar mijinta a 1765. Kafin rasuwarta fataken ƙasashen Larabawa da na Daular Usmaniyya sun riga sun amince da wannan kuɗi, saboda nauyinsa da yawan azurfarsa ba su canzawa. Da ta rasu sai mahukuntan Ostiriya suka ga cewa in aka sauya hoto ko shekara kasuwa za ta guje shi, suka ci gaba da buga shi da hoton nan da shekarar nan ba tare da sauyi ba. A 1858 ya daina zama kuɗin kashewa a Ostiriya kanta, amma aka ci gaba da buga shi domin fatauci da ƙasashen waje. A 1935 Italiya ta karɓi iznin buga shi a Rum saboda yaƙin da ta ɗaura da Habasha. Ingila ta ga haka ta fara buga nata a Landan, Faransa a Paris, Beljiyam a Brussels, a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu kuma aka buga shi a Bombay ta Indiya. An ƙiyasta cewa daga 1751 zuwa 2000 an buga kimanin miliyan 389, kuma har yau gidan buga kuɗi na Vienna yana buga sababbi fil, duk da shekarar 1780. Saboda haka liyarin da ke cikin adakar kaka yana iya zama na zamanin Shehu Usmanu, yana kuma iya zama ƙanen mai karanta wannan shafi.

Ta hanyar Tarabulus da Fezzan da kuma ta Sudan ya shigo ƙasashenmu. Larabawa suna ce masa Abu Ɗairi, wato mai tsuntsu, saboda mikiya mai kai biyu da ke bayansa. A ƙasar Hijaz da Yaman kuwa riyalin Faransa suke kiransa, alhali Faransa ba ita ta ƙirƙiro shi ba. Baturen nan Heinrich Barth, wanda ya yi yawo da sunan Abdulkarim, ya iske a Kano a 1851 ana canjin liyari ɗaya a kan wuri 2,500. A cikin shekarar ce ya isa Yola, inda ya tarar ana ciniki da ƙyallayen saƙi a madadin kuɗi. Wannan ya nuna cewa a Adamawa ta wancan zamani liyari ba kuɗin cefane ba ne. Ajiya ce ta attajirai da sarakuna, da guzurin mai niyyar hajji ta ƙasa, da adon wuyan mata. Fataken Hausawa da suka bi hanyar Ngaundere da Tibati da Yoko suna neman hauren giwa da goro har suka zauna a Yawunde, da irin wannan ajiya suka sauko. Shi ya sa ake samunsa a gidajenmu na kudu, nesa da Sahara.

To, yaya ake gane na gaskiya? Sikeli shi ne babban alƙali. Cikakken liyari giram 28.07 ne. Faɗinsa tsakanin milimita 39.5 da 41, kaurinsa kimanin milimita 2.5. A cikin kowane kashi 1,000 na jikinsa kashi 833 azurfa ce, sauran jan ƙarfe ne da aka haɗa domin ya yi tauri. Ke nan tsantsar azurfar da ke cikin liyari ɗaya giram 23.39 ce. Ƙaramin sikeli na lantarki irin na maƙeran fari, wanda ke nuna ɗigo biyu bayan giram, ya isa wannan aiki. Sikelin mahauta ko na masu awon shinkafa ba zai yi ba. Wanda ya sha hannu ko aka huda shi zai ɗan gaza, wannan ba laifi ba ne. Amma liyarin da rubutunsa ke nan raɗau, babu huda, sa'an nan ya nuna giram 24 ko 25, to a ajiye shi gefe guda.

Maƙera na jabu sun san wannan, don haka sukan ƙara kauri domin nauyi ya cika. A nan ne gwajin ruwa ke da amfani, kuma kowa yana iya yinsa a gida. A ɗora kofin ruwa a kan sikeli, a mayar da lissafinsa sifiri. A ɗaure liyarin da siririn zare, a zura shi cikin ruwan har ya nutse duka, ana riƙe da zaren, kada ya taɓa gindin kofi ko gefensa. Adadin da sikeli ya nuna shi ne nauyin ruwan da kuɗin ya ture. Ga liyari na gaskiya zai nuna kusan giram 2.75. In aka raba nauyinsa na busasshe da wannan adadi, za a sami abin da ya kusanci 10.2. Jan ƙarfe ko tagulla da aka yi wa rufin azurfa ba su kai 9 ba, don haka ruwan da za su ture ya haura giram 3. Dalilin kuwa a fili yake: azurfa ta fi su nauyi a girma ɗaya, ba yadda za a yi a cika nauyinta da su ba tare da jiki ya kumbura ba. Darma tana iya ruɗin wannan gwaji idan aka gauraya ta da kuza, amma ita kuma kunne yana tona mata asiri.

Gwajin kunne shi ne na iyayenmu. A ɗora kuɗin a kan ɗan yatsa, a ɗan ƙwanƙwasa gefensa da wani kuɗin. Azurfa tana yin amo siriri mai tsawo, darma kuwa sai ta ce ƙwas ta yi shiru. Wanda bai saba ba ya fara saurarar wanda aka tabbatar da ingancinsa, sa'an nan ya gwada sauran. Game da mayen ƙarfe, wanda matasa suka fi dogara da shi, muna jan kunne. In ya kama kuɗi, tabbas ba azurfa ba ce. In bai kama ba, bai tabbatar da komai ba, domin ba ya kama jan ƙarfe, ba ya kama tagulla, ba ya kama darma. Ga misali a gida: kuɗin sefa 50 da aka buga domin 'yancin kan Kamaru a 1960, mai kawunan gwanki uku, fari ne tas kuma mayen ƙarfe ba ya kama shi, amma babu ko ƙwayar azurfa a jikinsa, haɗin jan ƙarfe ne da nikel. A ajiye shi domin tarihi, kada a sa shi cikin lissafin azurfa.

Sai kuma ido. Kuɗin gaskiya bugu ake yi masa tsakanin hatimai biyu na ƙarfe da ƙarfin inji, shi ya sa haruffansa ke fitowa da kaifi. Jabu yawanci zubi ne: a danna na gaskiya cikin yumɓu ko yashi, a narka ƙarfe a zuba. Na zubi haruffansa sukan yi dumu-dumu kamar sun narke, fuskarsa da 'yan ramuka kamar fatar lemo, a gefensa kuma akan ga siririn layi inda ɓangarorin biyu suka haɗu, ko alamar zarto inda aka goge layin. Gefen liyari na gaskiya yana ɗauke da rubutun Latin da ya taso sama, IUSTITIA ET CLEMENTIA, wato adalci da rangwame, tare da 'yan zane-zane na ado. An sa wannan rubutu ne tun asali domin hana masu kankare gefen kuɗi su tara garin azurfa. Liyarin da gefensa ya yi sumul, ko yake da tsage-tsage irin na sulallan yanzu, ba na gaskiya ba ne, sai fa in maƙeri ne ya goge shi domin ya ɗaura masa kewaye.

In an tabbatar azurfa ce, saura sanin iri. A nan masana tsofaffin kuɗi ke ɓata dare da madubin ƙara girma, mu kuwa abin da zai amfani gida kaɗai za mu ɗauka. Mafi yawan waɗanda ke hannun jama'a suna da haruffa S.F. a ƙarƙashin hoton sarauniya, farkon sunayen jami'ai biyu na gidan buga kuɗi na Günzburg, Schöbl da Faby, waɗanda aka ci gaba da kwafar haruffansu shekaru aru-aru bayan mutuwarsu. A kafaɗarta akwai maɗaurin mayafi kewaye da 'yan ƙwayoyin lu'ulu'u. Waɗannan ƙwayoyi ne 'yan kasuwar da suke shafawa da babban yatsa. In sun shafe, sai su ce kuɗin ya tsufa su rage masa daraja. A baya kuma an rubuta AVST da harafin V. In liyarinka haka yake, bugun baya ne, kuma darajarsa ita ce ta azurfarsa da ɗan abin da ba a rasa ba a kai. Ko a cikinsu akwai bambanci, domin na Landan da na Bombay gashin tsakiyar wutsiyar mikiyarsu biyu ne, na Vienna uku, amma wannan ba ya sauya farashi sauyin da zai sa 'yan uwa su ɓata. Wanda ya cancanci a keɓe shi ne mai AUST da harafin U, ko mai maɗaurin da ba shi da ƙwayoyi tun asali, ko mai waɗansu haruffa dabam da S.F., irin su I.C. da F.A. a gindin mikiya. Haka nan duk wanda shekararsa ba 1780 ba ce, kamar 1765 ko 1773, domin shi an buga shi tana raye. Irin waɗannan kada a sayar da su da awo kafin masani ya duba, kuma su ne masu jabu suka fi kwaikwaya.

Ƙananan kuɗaɗen da ke cikin ƙullin su ma kowanne da labarinsa. Jamusawa sun mallaki Kamaru daga 1884 zuwa 1916, sun kuma shigo da kuɗinsu. Mark ɗaya na azurfa giram 5.56 ne, mark biyar giram 27.78, dukansu kashi 900 cikin 1,000. Ɗan harafin da ke jikinsu yana nuna garin da aka buga su: A Balin, D Munich, J Hamburg. Faran biyar na Faransa na ƙarni na 19, mai hoton Louis-Philippe ko Napoleon na Uku ko wani ƙato tsaye tsakanin mata biyu, giram 25 ne, faɗi milimita 37, shi ma kashi 900, wato tsantsar azurfa giram 22.5. Darajarsa ce ta bar mana kalmar da ake ji har yau: a Nijar sefa biyar dala ce, a Cadi riyal. Su waɗannan shekarar da ke jikinsu gaskiya ce, ba kamar ta liyari ba. Waɗanda asalinsu Najeriya ne kuma za su iya samun sule da fataka masu bishiyar kwakwar manja na Afirka ta Yamma ta Ingilishi. Daga 1913 zuwa 1919 azurfa ce kashi 925. A 1920 aka rage ta zuwa rabi, kuma tun daga shekarar aka koma buga su da tagulla mai ruwan ɗorawa. Sule biyu masu zane iri ɗaya, ɗaya na 1915 ɗaya na 1938, ba su haɗa komai ba sai suna.

Akwai wani abu da ya fi damunmu, don yana shiga ta ƙofar son addini. Akan kawo wa mutum ɗan kuɗi mai rubutun Larabci a ce dirhami ne na zamanin Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallama, a nemi kuɗi mai yawa. A zamaninsa ba a buga kuɗin Musulunci ba. Da dirhamin Farisa da dinarin Rumawa ake ciniki, masu hotunan sarakunansu. Halifa Abdulmalik ɗan Marwan ne ya fitar da kuɗi mai rubutu zalla ba hoto, dinari a shekara ta 77 bayan Hijira, dirhami kuma jim kaɗan bayan haka. Dirhamin Banu Umayya siriri ne kamar ganye, bai cika giram 3 ba, kuma a kewayensa an rubuta garin da aka buga shi, kamar Dimashƙa ko Wasiɗ, da shekarar cikin kalmomi, ba da lambobi ba. Duk wani mai kauri da aka ɗora wa lambobin shekara aka ce na Sahabbai ne, aikin 'yan kasuwa ne.

Yanzu ga abin da ya sa muka ba wannan batu shafi guda. Nisabin azurfa dirhami 200 ne, wanda malaman zamani da yawa suka ƙiyasta da giram 595, zakkarsa kuma ɗaya cikin arba'in idan shekara ta kewayo. In aka lissafa da tsantsar azurfa, liyari 26 sun haura nisabi, faran biyar na Faransa kuma 27. Malaman Malikiyya sun bambanta tsakanin kuɗin gauraye da ke yawo a kasuwa a matsayin cikakke, da wanda ba ya yawo, inda ake lissafa tsantsar da ke cikinsa kawai. Liyari kuwa ya daɗe da barin kasuwa. Sun kuma bambanta tsakanin adon da mace ke sawa, wanda a mazhabarmu ba a fitar masa da zakka, da abin da aka ɓoye domin ajiya. Liyari goma da aka jera a sarƙar wuya ana fita da su biki, da liyari talatin da ke ƙulle a tsumma shekara ashirin, ba hukuncinsu ɗaya ba. Fatawa ta malamai ce, ba tamu ba. Amma malami ba zai iya yanke hukunci a kan ƙullin da ba a auna ba, kuma ba aikinsa ba ne ya san bambancin sulen 1915 da na 1938.

Haka abin yake a rabon gado. Rabo da ƙidaya, wannan biyar wancan biyar, zalunci ne da ba a yi niyya ba, domin hannun wani zai faɗa kan azurfa, na wani kan tagulla, kuma sau da yawa marayu da matan mamaci, waɗanda ba su cika ɗaga murya a zaman rabo ba, su ke tashi da na banza. Shawararmu ga gidan da ya yi tambaya ita ce a zauna gaban shaidu biyu, a ware kuɗaɗen iri-iri, a auna kowanne a rubuta nauyinsa da shekararsa a takarda, a ɗauki hotonsa gaba da baya da gefe. Sa'an nan a lissafa tsantsar azurfar da ke ciki. Farashin azurfa na duniya da dalar Amurka ake faɗarsa a kan oza ɗaya, wato giram 31.1, kuma kowa yana iya dubawa a wayarsa a ranar. Liyari ɗaya kusan kashi uku cikin huɗu na oza ne. Mai saye dole ya rage wani abu domin ribarsa, wannan halal ne, amma wanda ya san lissafi zai gane ragi daga yanka. A tambayi maƙera biyu ko uku, kada a tsaya ga wanda ya fara sallama. In wani daga cikin magada yana son ya riƙe su domin tunawa da mahaifiyarsa, ya biya sauran rabonsu da kuɗi hannu da hannu a zaman, kada a mayar da shi bashi. In kuwa musayar azurfa da azurfa za a yi, kamar a ba da liyari a karɓi mundaye, a tuna shari'a ta sharɗanta daidaiton nauyi da karɓa nan take, don haka a nemi malami kafin a ƙulla.

Abu ɗaya muke roƙon iyaye mata musamman: kada a wanke su. Mun san hannu yana ƙaiƙayi idan aka ga azurfa ta yi baƙi, a ɗauko toka da lemon tsami ko man goge baki a dirje ta har ta yi ƙyalli. Ga tukunya wannan tsafta ce, ga tsohon kuɗi kuwa ɓarna ce, domin dirza tana cinye 'yan alamomin nan da ake gane iri da su, kuma masu tara tsofaffin kuɗi suna rage farashin wanda aka goge ƙwarai. Haka nan kada a bar maƙeri ya kankare gefe ko ya ɗiga ruwan gwaji a fuskar kuɗin kafin a gama awo da gwajin ruwa, waɗanda ba su barin tabo. A naɗe kowanne a 'yar takarda shi kaɗai, a nisanta shi da roba da danshin damina, wanda ba mu rasa shi a Yawunde.

A fitowa ta gaba, in Allah Ya yarda, za mu duba miskalin zinariya da yadda ake lissafa sadaki da shi.